Sunan da Na Kira a Tsakiyar Yaƙi

Yaran yanzu ba su san nauyin da aka sauke musu ba. Kwanan baya na je barka a unguwarmu, na tarar da mai jegon, haihuwarta ta fari ke nan, ta ɗaga jaririn a gaban surukarta tana sumbatarsa, tana kiran sunan da ko raɗa shi ba a yi ba tukuna. Surukar kuwa sai dariya take yi, har tana cewa a tsaya ta gyara ɗankwali a ɗauke su hoto. Aka miƙo mini kunun kanwa na kasa sha. Matan ɗakin suka ɗauka haushin tsofaffi ne, wai ina ganin zamani ya lalace. Ba haka ba ne. Abin da ya dame ni shi ne, ashe abin nan ana iya ajiye shi a kwana lafiya a tashi lafiya, ba wanda ya mutu. To don me mu aka ɗora mana, muka ɗauka har tsufa ya same mu da shi a ka?

A lokacinmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba kya kama sunansa, ba kya yi masa wasa, ba kya ɗaukarsa a gaban mutane. In yana kuka sai ki kau da kai har wata babba ta ce, "Ke, ɗauki ki ba shi mana," sannan ki ɗauka kina ɓata rai kamar an sa ki aikin dole. Ni mace na fara haifa. Tun ina ɗakin jego innata ta ja kunnena, ta ce ranar da aka ji sunan yarinyar nan a bakina ba ni za a zaga ba, ita za a zaga, a ce ba ta yi mini tarbiyya ba. Ranar yaye kuma Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo da sabon zanin goyo, ta saɓa yarinyar a baya, ta ce, "Wannan tawa ce, ku je ku nemi taku." Aka yi dariya, ni ma na rufe fuska da mayafi na yi. Nono ya yi kwanaki yana zuba, ina shiga bayan gida ina matsewa. Yarinya ta tashi tana kiran Hajiya Umma, ni kuma Anti. In zan ambace ta sai in ce 'yar Hajiya, in kuma ita zan kira sai in ce ke. Hajiya ba muguwa ba ce, Allah ya sani, ta riƙe ta da kyau. Abin da aka yi mata ne ita ma ta yi mini.

Daga baya maigidan ya samu harkar kago, wato jigilar kayan 'yan kasuwa, a Dubai, ya ɗauke ni da ƙannenta maza biyu, ita aka bar ta Kano wurin Hajiya. Muna zaune a wani gidan bene kusa da kasuwar Sabka, ɗaki biyu da falo, ƙasanmu shaguna. An ce mini yanzu in na je ba zan gane wurin ba, wai har jirgin ƙasa ke wucewa ta saman kawunan mutane. Ni Dubai ɗin da na sani ƙara ce: ƙarar salatif ana naɗe kwalaye tun safe, masu tura amalanke suna yalla yalla a lungu, iyakwandishan na gurnani yana ɗigar da ruwa a baranda, masallatai suna kiran salla wannan na shiga cikin wancan. Maigidan yau yana Ras Al Khor wurin kayan mota, gobe yana Jebel Ali ana cika kwantena. Ni kuwa ina kicin. Hajiyoyi 'yan kasuwa na Kano a falonmu suke sauka, su zo mini da kuka da daddawa da yaji, ni in tuƙa musu tuwo, in wanke musu kaya, in shanya, kafin in juya sun bushe ƙarau. Ina da ƙarfi a lokacin, ba na jin gajiya. Amma gida ne da ba ka yin tari a cikinsa sai labarin ya riga jirgi isa Kano.

Maigidan ya daɗe yana roƙon mahaifiyarsa ta ba mu yarinyar ta yi dogon hutun makaranta a wurinmu, sai wata shekara ta yarda. Ya yi ta cika baki a waya, wai zai kai ta bakin teku ta sha iska. Abin da ba mu lissafa ba shi ne dogon hutun Kano da damina yake zuwa, gari ya yi sanyi, a can kuwa shi ne tsakiyar zafi, lokacin da duk Balaraben da ke da hali yake kwashe iyalinsa ya bar ƙasar. Mu a lokacin muka ga ya dace mu yi baƙuwa. Ta iso tare da wasu hajiyoyi biyu, ta yi tsawo, haƙoranta na gaba sun gama fitowa, ta durƙusa ta ce, "Anti, ina wuni." Hajiyoyin suka isar da saƙon Hajiya: ba ta cin kuɓewa, kar a ja mata kitso da ƙarfi, kar a bari ta sha ruwan sanyi da safe. Aka ba ni 'yata aro, har da bayanin yadda ake lallaɓa ta, kamar sabon keken ɗinki.

Buri ɗaya na sa a raina, ba biyu ba: kafin hutun nan ya ƙare in kira ta da sunanta, ta amsa. Ban nemi ta ce mini Umma ba, wannan na san an riga ni. In ina wanke-wanke sai in sake famfo da ƙarfi in gwada faɗin sunan a hankali, in ji yadda zai zauna a bakina. Da na fito falo na ga hajiyoyi sun baje atamfofi suna lissafin kwali, sai in ji na ce, "Ke, zo ki ci abinci."

Maƙwabciyata wata Badamagariya ce, mijinta yana aikin ofis a tashar jiragen ruwa, ita kuma ta yi karatun Faransanci mai zurfi, ba ta ɓoye abin da ke ranta. Ita ce ta fara lura. Wata rana muna tsinke zogale busasshe a kicin ɗinta ta ce, "Mais wallahi, ke kika haifi yarinyar nan ko a cargo aka aiko miki ita?"

Na ce, "Ai kin san ta fari ce."

Ta ce, "Mu ma akwai wannan kawaicin a Damagaram. Ni dai nawa a aéroport na baro shi, ya fi kilo ɗin da aka ba ni. Kira ta mana, wa zai ci ki?"

Na yi dariya na ce sai a hankali. Ita tana kiran yarinyar da sunanta sau goma a wuni, yarinyar na amsawa da gudu, ni ina jin daɗi ina jin haushi lokaci guda.

Ranar Juma'a ce kaɗai maigidan ke hutu, don haka wata Juma'a bayan la'asar muka ɗunguma bakin teku, mu da hajiyoyin nan biyu da Badamagariya da 'ya'yanta. Na dafa shinkafa da wake na zuba a kula, ga zoɓo, ga dambun nama, ga tabarma, kamar masu zuwa gona. A tunaninmu bakin ruwa ai sanyi. Muka sauka daga mota iska ta mare mu kamar an buɗe murfin tukunya. Yashi ba ya takuwa sai da silifa. Na tattare abayata na sa ƙafa a tekun, na ji shi ɗumi, wallahi sai da na tuna ruwan wankan jego. Hajiyoyi suka zauna a tabarma suna fifita da kwali suna tsine wa wanda ya kawo shawarar. Duk da haka wurin cike yake da irinmu waɗanda ba su da inda za su gudu: Indiyawa, 'yan Filifin, Misirawa, kowa da iyalinsa. Ina kallon iyaye maza sun ɗora 'ya'yansu a wuya, iyaye mata suna ƙwala wa nasu kira, kowa da irin sunansa, ba wadda ta rufe baki.

Yarinyar ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi na kududdufi ba. Ta shiga da doguwar rigarta tana dariya, tana ɗanɗana gishirin tana tofarwa. Maigidan yana can gefe da ƙannenta, hajiyoyi sun buɗe kula. Ni kaɗai nake kallonta, don kallo dai ba a hana ni ba in ba a gani. Na ga tana ta yin gaba, ta ba mu baya, ruwa ya kai mata ƙugu, ya kai ƙirji, ta doshi igiyar da aka ja mai jajayen ƙwallaye, wadda ba a ƙetarewa. Na miƙe na ƙwala ihu da iya ƙarfina.

"Ke! Ke! Ke yarinyar nan!"

A bakin ruwan nan yarinya nawa ce? Ba ta waiwayo ba. Kar wani ya ce tsoron hajiyoyi ne ya hana ni, wallahi a lokacin na manta da su. Sunan ne bai zo ba. Bakin da bai saba da shi ba bai samo shi ba a lokacin da ake buƙatarsa. Badamagariya ce ta yar da kofin hannunta ta ƙwala sunan sau ɗaya, yarinyar ta juyo, daidai nan igiyar ruwa ta make ta ta nutse. Mai gadin ruwa, wani siririn saurayi mai usur a wuya, ya faɗa ya fito da ita a kafaɗa. Ta yi ta aman ruwan gishiri a kan yashi. Na durƙusa da tawul zan rufa mata, ta ture hannuna tana kuka tana cewa, "Umma! A kai ni wurin Umma!"

A mota muna komawa, babbar cikin hajiyoyin ta dafa gwiwata ta ce, "Kai, ke dai 'yar gidan mutunci ce. Ruwa na shirin cin yarinya amma ba ki kama sunan ba. Wallahi sai na gaya wa Hajiya ta yi dacen suruka." Ta kuwa gaya mata. Shekara da shekaru ana ba da labarin nan a danginmu, ana yi wa amare misali da ni. An zage ni a duniya ba sau ɗaya ba, duk na manta, wannan yabon ne har yau ban yafe ba. Badamagariya ta juya tana kallon titi, ta kwana biyu ba ta shigo gidana ba.

Daga ranar yarinyar ta ce ita da teku har abada. Hajiya kuma da ta ji labari ta ce a dawo mata da 'yarta tare da hajiyoyin nan, ba sai hutu ya ƙare ba. Saura Juma'a ɗaya ke nan. Maigidan ya rasa inda zai kai mu a zafin nan, sai ya ce mu je silima, akwai sanyi. Na zaro ido. A Kano matar aure ta shiga silima, ai sai dai a ji a bakin duniya. Ya ce, "Nan ba Kano ba ce, khalas, ɗauko mayafinki." Na ce a raina, ashe kai ma ka san akwai abin da ake barowa a Kano. Hajiyoyi suka ce Allah ya tsare su, suka tafi Sabka ƙarasa sayayya. Karon farko ke nan da muka fita mu kaɗai, ni da shi da 'ya'yanmu duka.

Silimar a cikin wani ƙaton kanti take, da rana tsaka muka shiga. Mun yi shigar zafi, ciki kuwa sanyi kamar firji. Maigidan ya zauna da mazan a gefensa da bokitin gugguru, yarinyar ta faɗo kusa da ni don nan ne kujera ta rage. Fim ɗin na mutanen da ne, zamanin da ba bindiga. Wani gari ne mai ganuwar dutse, wani sarki ya zo da runduna ya kewaye shi. Maza sanye da sulke, takubba, garkuwoyi, kibau suna tashi kamar fari, wasu na kafa tsani, na sama suna kwarara musu tafasasshen mai. Turanci suke yi, an rubuta Larabci a ƙasa, ni ba ko ɗaya da nake ji. Maigidan shi ne tafinta, yana faɗi da ƙarfi, "Wannan mai gemun shi ne munafukin, ku lura da shi," har wani Balarabe a gabanmu ya juyo ya ce shwayya shwayya, wai a rage murya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin fim ɗin nan ƙwarai. Ban taɓa ganin mutum ya kai girman bango ba, ban taɓa jin ƙara tana shiga ta tafin ƙafa ba. Har na manta kaina na ce, "Kai, bayanka!" yaran suka kwashe da dariya, har da ita.

Sanyi ya fara kaɗa ta, na ga tana dunƙulewa. Na warware mayafina na rufa mana tare, ba ta ture ba. Sai aka zo babban yaƙin. Maharan suka jawo wani ƙaton gungume rataye da sarƙa suna dukan ƙofar gari da shi, kowane duka sai kujerunmu sun girgiza, ga ganguna, ga ihun maza, ga haniniyar dawakai. Yarinyar ta cusa kanta a ƙirjina ta ƙanƙame ni. Rabona da jin nauyinta a jikina tun ranar yaye. Kanta na ƙanshin man da na shafa mata da safe. Na duba dama duhu, hagu duhu, maigidan ya saki baki yana kallo, ba Hajiya, ba inna, ba mai kai labari. Da gungumen ya sake dukan ƙofar na sa bakina a kitsonta na faɗi sunan. Ya fito. Aka sake duka na sake faɗa. Na yi ta faɗa a cikin ƙarar nan, da ƙarfi ma, don ni kaina da ƙyar nake jin muryata, hawaye na sauka a kan mayafin. Duk ɗakin nan kowa da ɓangaren da yake goyon baya, ni kaɗai ce ba na son a ci garin kuma ba na son a kori maharan. Addu'ata ƙofar nan ta yi ta jurewa, su kuma su yi ta duka.

Ƙofa ta karye, aka kashe mai gemun, aka kunna fitila. Ta ɗago kai ta tsaya tana kallona, ni kuma ina gyara mayafi ina neman silifata a ƙarƙashin kujera. Na ce, "Ke, riƙe hannun ƙaninki." A zatona ba ta ji komai ba, na ce a raina na samu rabin abin da nake nema, na faɗa ko ba a amsa ba. Bayan kwana kaɗan muka raka su filin jirgi, ta durƙusa ta ce, "Anti, sai wata rana," ta bi hajiyoyi. Ba a sake ba mu ita ba. Da muka tattaro muka dawo Kano gaba ɗaya ta riga ta zama budurwa, a ɗakin Hajiya aka yi mata lalle, daga nan aka kai ta gidan miji.

Bana Hajiya ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Masu gaisuwa suka yi ta wuce ni suna zuwa wurin yarinyar, suna cewa, "Ya haƙurin rashin uwa?" Ni ma da na shiga haka na ce mata, ya haƙuri, ta ce haƙuri sai ma'aiki. Yanzu babbar mace ce, ɗanta na fari ya kusa kai ta tsawo, a gabana take kiransa da sunansa, har ta ƙara masa da habibi. Bayan an watse aka bar mu mu biyu a ɗakin Hajiya muna ninke kayanta da za a rabar. A tsakar gida jikokina sun taru a kan waya suna kallon wani fim, ƙarar takubba na shigowa ta taga. Sai ta dakata da ninkin.

"Anti, kin tuna fim ɗin nan na Dubai?"

Na ce na tuna.

Ta ce, "Ba tsoro nake ji ba fa. Da farko dai na ji. Daga baya ƙarya nake yi, don kar ki daina."

Na ce, "In daina me?"

Ta ce, "Na ji ki. Duk na ji. Da aka kunna fitila na tsaya ina jira ki sake faɗa in amsa. Har filin jirgi ina jira."

Na ajiye zanin da nake riƙe da shi. Ashe amsar tana nan tun ranar, a bakinta, ta yi ta ɗauke da ita kamar yadda na ɗauki nawa. Ta dubi ƙofa, ta dube ni, ta ce a hankali, "Yanzu ai ba Umma. Ba kowa a ɗakin nan."

Gaskiya ta faɗa. Inna ta daɗe a ƙasa, Hajiya ta bi ta, hajiyoyin da suka yabe ni ba wadda ta rage, duniya ma ta daina kula wa ya kira wa. Duk waɗanda na yi wa biyayyar nan sun tafi sun bar ni da ita, ba wanda ya tsaya ya karɓi kayansa. Ɗakin shiru, ga hasken rana har tsakiyar tabarma, tana zaune tana kallon bakina. Na buɗe baki.

"Ke, miƙo mini wancan zanin."

Ta dube ni, ta dubi zanin. Sannan ta ɗauko ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Ga shi, Anti."